Yaron Da Ke Wuyar Tashi Da Safe: Kafin A Nemo Masa Rubutu, A Ƙirga Masa Awannin Barci



  

Yau ba maganar wani tsiro zan yi ba. Magana ce a kan barcin 'ya'yanmu da suka fara tasawa, 'yan shekara 13 zuwa 18, da lokacin da ake buga musu ƙararrawar makaranta. Saƙon yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

*Abin da ya jawo maganar*

Duk lokacin da aka koma makaranta, mutanen da ke zuwa wurina da yara suna ƙaruwa, kuma koken kusan iri ɗaya ne. "Malam, yaron nan ya canza. Da shi ke tashinmu sallah, yanzu sai an yayyafa masa ruwa." "Malam, yarinyar nan ba ta riƙe karatu, ga yawan kuka ba dalili, ga ciwon kai, a taimaka mata da ruƙiyya." Wani ya ce a ba shi maganin buɗe ƙwaƙwalwa, wani ya ce yana zargin an yi wa ɗansa sammu.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini ɗansa, ɗan aji biyar na sakandare, wai ya zama mai baƙar zuciya, kowa a gidan sai ya yi faɗa da shi, kuma hadda ta tsaya. Kafin in taɓa kwalba ko ɗaya na ce, "Alhaji, ƙarfe nawa yake kwanciya?" Ya ce bai sani ba. Na juya ga yaron na ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, ba duka ba zagi." Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Malam, sha biyu da rabi, wani lokacin ɗaya." Ana tashinsa ƙarfe biyar. Bayan sallah tilawa, bayan tilawa wanka da karin kumallo, kafin bakwai yana bakin titi neman adaidaita sahu, don in an rufe ƙofar makaranta bulala ce ko tsallen kwaɗo. Ya taso biyu, huɗu yana Islamiyya, bayan Magariba ga malamin lesin. Awa huɗu da rabi ke nan yake samu a dare, wata da watanni.

Na ce wa mahaifin, "Alhaji, ba zan karɓi kuɗinka yau ba. Wannan yaron bashi ake binsa, kuma ba ni da maganin da ke biyan wannan bashin. Ku je ku gyara darensa na mako uku, in bai sauya ba ku dawo." Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, don ya zo ne da niyyar tafiya da ƙullin magani.

Ni ma ba tsira na yi ba. Babban ɗana, lokacin yana wannan shekarun, na sha tashinsa da carbi a gadon baya, ina ce masa malalaci. Yau yana da nasa 'ya'yan, amma duk sanda na tuna sai in yi istigfari. Ban san abin da zan gaya muku yanzu ba a lokacin.

*Agogon da Allah Ya sa a jikin ɗan Adam*

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani agogo da ke bin haske da duhu. Idan duhu ya shiga, jiki yana sakin wani sinadari da likitoci ke kira melatonin, shi ne mai gaya wa jiki cewa dare ya yi, a shirya kwanciya. Yaro ƙarami tun takwas ka gan shi yana gyangyaɗi a kan tabarma. Dattijo irina kuwa, bayan Lisha kaɗan ido ya fara nauyi, kuma tun kafin ladan ya buɗe baki mun farka.

To amma idan yaro ya shiga balaga, wannan agogon yana ja baya, har kusan awa biyu. Sinadarin ba ya sauka da wuri kamar da, kuma da safe ba ya saurin barin jiki. Shi ya sa za ka kora saurayi ɗaki ƙarfe tara ya yi ta juyi har sha ɗaya, sannan da asuba ka tashe shi ya zama kamar an ɗaure masa dutse. Wata masaniya a jami'ar Brown ta Amurka, Mary Carskadon, ta shafe shekaru tana bincike a kan wannan, kuma ta nuna cewa abin yana tafiya ne da balagar jiki. Yadda murya ke buɗewa, gemu ya fara tsiro, haka lokacin barci ke sauyawa. Halitta ce, kuma tana daidaita da kanta idan an wuce shekara ashirin.

Ga kuma inda matsalar take: buƙatar barcin ba ta ragu ba. Likitocin barci sun daidaita a kan cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a cikin kowace awa 24.

Ku yi lissafin da kanku. A Kano da kewaye, alfijir yana ketowa wajen biyar saura kwata a watannin Mayu da Yuni, ya kai biyar da rabi a tsakiyar hunturu. Mu ce ana tashin yaro ƙarfe biyar. Don ya samu awa takwas, dole barci ya ɗauke shi ƙarfe tara. In sai sha ɗaya ya yi barci, awa shida ya samu, ana binsa biyu. Litinin zuwa Juma'a, awa goma ke nan, dare guda cur da ƙari. Wannan fa yaron kirki ne wanda ba ya riƙe waya. Ina ga mai riƙewa?

*Abin da bashin barci ke yi wa hankali*

Mu Hausawa muna cewa barci ɓarawo ne, kuma gaskiya ne, in ka hana shi haƙƙinsa da dare zai zo ya sata a aji, ko a sahun sallah, ko a kan babur. Amma gyangyaɗi shi ne mafi sauƙi a cikin ɓarnar.

Na farko, karatu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tattara abin da aka koya da rana ta adana shi. Malaman tsangaya sun daɗe da lura cewa allon da aka biya kafin kwanciya, da safe ya fi zama. Yaron da ba ya samun barci kamar mai zuba ruwa ne a kwando, ya yi ta biyawa, gobe babu.

Na biyu, zuciya. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke danne fushi da auna abu kafin a aikata, shi ne bai gama nuna ba a wannan shekarun, kuma shi rashin barci ya fi raunanawa. Sai ka ga ƙaramin abu ya tunzura yaro, ya ɗaga wa uwarsa murya, daga baya shi kansa ya rasa abin da ya same shi. Ku kanku iyaye, ku tuna ranar da kuka kwana jinya a asibiti, yaya haƙurinku yake washegari?

Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali: damuwa. Binciken likitoci ya yi ta nuna cewa samari da 'yan matan da ke fama da ƙarancin barci sun fi faɗawa ciwon damuwa da fargaba, har da tunanin cutar da kai, wa'iyazu billahi. Abin kuma yana zagayawa ne, rashin barci ya jawo damuwa, damuwa ta ƙara hana barci. Daga nan ne wani abokin banza zai ce "sha wannan ka wartsake" ko "sha wannan ka yi barci". Kun dai san ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi mana har gwamnati ta hana shi a 2018, ga kuma tiramol.

*Yadda wasu suka yi da tasu matsalar*

A Amurka makarantun sakandare da yawa suna fara darasi tun wajen bakwai da rabi, wasu ma kafin haka. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta fito ta ce kada a fara wa 'yan sakandare darasi kafin 8:30. A 2016 birnin Siyatil ya ɗaga lokacin shiga manyan sakandarensa daga 7:50 zuwa 8:45. Masu bincike na jami'ar Washinton suka ɗaura wa ɗalibai na'urar auna barci a hannu, kafin canjin da bayansa. Mutane sun zaci yaran za su ƙara daɗewa ne suna hira da dare. Sai aka samu lokacin kwanciyarsu bai sauya sosai ba, barcinsu ya ƙaru da minti 34 a dare, sakamakon karatu ya ɗan ɗaga, kuma a makarantar da 'ya'yan talakawa suka fi yawa, makara da fashi sun ragu. Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka a 2019, ta fara aiki a 2022: babbar sakandare ba ta fara darasi kafin 8:30, ƙarama kuma kafin 8:00.

Ba wai abin ya zo musu da sauƙi ba ne. Jihar Fulorida ta yi irin wannan dokar a 2023, ta dawo ta sassauta ta a 2025, saboda matsalar motocin ɗaukar ɗalibai da lokacin aikin iyaye. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce Malam ya ɓoye rabin labari.

Amma su matsalarsu ƙararrawa ɗaya ce. Mu namu yaran ƙararrawa uku ke kiransu: ta ladan, ta boko, ta Islamiyya. Ta farko ba mai taɓa ta, Allah ne Ya sa mata lokaci, kuma yaron da ya balaga sallar Asuba ta hau kansa kamar yadda ta hau kan ubansa. Sauran biyun kuwa mutane ne suka zauna suka tsara, kuma abin da mutum ya tsara mutum na iya gyara shi.

*"Malam, ai albarka tana cikin sammako"*

Na san wani zai faɗi haka, kuma ya yi gaskiya. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Ibnul Ƙayyim ma, Allah Ya jiƙansa, a cikin Zadul Ma'ad ya ƙi barcin hantsi. Ni kaina a kan haka aka tarbiyyantar da ni, kuma har gobe ba na komawa bayan Asuba.

Sai dai mun ɗauki rabin sunnar mun bar rabi. Wanda ya yi addu'ar sammako, shi ne kuma Bukhari ya ruwaito cewa yana ƙin barci kafin Lisha, yana ƙin hira bayanta. Mutanen da suke sammako a Madina ba su da lantarki, ba su da waya, ba su da gidan kallon ƙwallon da ake fara wasa takwas ko tara na dare. Suna idar da Lisha sai shimfiɗa. Sannan suna da ƙailula: a Suratun Nur, aya ta 58, Allah Ya ambaci tsakar rana a cikin lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum, saboda lokacin hutu ne da aka sani. Sahabi Sahlu ɗan Sa'adu ya ba da labarin cewa ranar Juma'a sai bayan sallah suke ƙailula, ka ga ke nan abu ne da suka saba kullum. Mu kuwa mun ce yaro ya yi sammakon Sahabbai, da daren 'yan zamani, babu ƙailular kowa. Wane jiki ne zai ɗauka?

Ku tuna da ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salman ya kwana gidan ɗan uwansa, ya ga yana son raya dare duka, ya yi ta mayar da shi shimfiɗa har sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa ransa ma yana da haƙƙi a kansa, kuma da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata Salman. Nana A'isha kuma ta ruwaito umarnin cewa wanda gyangyaɗi ya kama a cikin sallah ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya zo neman gafara ya ɓuge da yi wa kansa mugun baki. In an ce haka a kan sallar dare, ina ga darasin lissafi?

Maganar da ake yawan jawowa cewa barcin safe yana hana arziki kuwa, malaman hadisi sun raunana ta. Don haka yaron da ya yi sallarsa a kan lokaci, ya yi azkar, ya koma ya ɗan runtsa saboda darensa bai cika ba, bai yi haramun ba. Abin da ya fi shi ne a gyara daren har ya zama bai buƙaci komawar ba. Kafin a kai can, kada a hana shi.

*Abin da ke hannunku a gida*

1. Ku fara da sani. Mako guda ku rubuta lokacin da yaro ya yi barci da lokacin da ya tashi. Da yawanku za ku sha mamaki.

2. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Haskenta yana jinkirta saukar sinadarin barci, abin da ke cikinta kuma yana hana zuciya kwanciya. Garaɓasar datar tsakar dare da kamfanoni ke yi, da barcin 'ya'yanmu ake biyanta. Amma fa maigida, in kai kana danne-danne har sha biyu, dokarka ba za ta yi tasiri ba.

3. Bayan Lisha a rage fitila, a rage talabijin. In an kawo wuta ƙarfe goma, ba dole ne gida duka ya farka a hau guga da kallo ba.

4. Kada ku ce daga gobe kowa ya kwanta tara. Ba zai yiwu ba. A riƙa jawo lokacin baya da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku, har a kai goma ko kafin goma.

5. Shayi mai ganye, kofi, goro, lemon kwalba baƙi da lemukan ƙara kuzari, a daina ba su daga La'asar. Sinadarin da ke cikinsu yana kai awa biyar rabinsa bai bar jiki ba.

6. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan an taso daga boko, kafin La'asar. Kada ta yi tsawo, kada kuma ta koma yamma, sai ta cinye barcin dare.

7. Hasken safiya yana jawo agogon jiki gaba. Yaro ya karya kumallo a tsakar gida, ya taka da ƙafa in makarantar ba nisa.

8. Uwargida, ki dubi 'yarki. Sau da yawa ita ce ƙarshen kwanciya saboda wanke-wanke, ita ce farkon tashi saboda shara da ɗora ruwan koko. A raba aikin da 'yan uwanta maza, a yi abin da za a iya tun da yamma.

9. A duba kayan da aka ɗora wa yaro. Boko, Islamiyya, lesin, hadda, tsaron shago, duk a rana ɗaya. Kowanne alheri ne, amma jaki ma in kaya suka yi yawa durƙushewa yake. A zaɓi abin da za a mayar Asabar da Lahadi.

Masu tambayar abin sha: madara mai ɗumi da cokalin zuma, ko ruwan na'a-na'a, ba laifi, suna taimaka wa jiki ya natsu. A haɗa da alwala, kwanciya a gefen dama, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kamar yadda aka koyar da mu. Amma ina faɗa da bakina, ni mai sayar da zuma da habbatus sauda: babu ɗayansu da ke maye gurbin awa biyun da aka rasa. Ƙwayar barci kuwa kada a kuskura a saya wa yaro a kemis ba da umarnin likita ba.

*Abin da ke hannun makarantu*

A nan nake roƙon masu makarantu, shugabanni da malamai da ke cikin wannan zaure, da iyayen da ke zuwa taron iyaye da malamai. Ra'ayina shi ne 'yan sakandare kada a fara musu darasi kafin takwas da rabi, ko aƙalla takwas. Makarantar da ke rufe ƙofa bakwai da kwata, ta tsayar da yara a layin asambuli minti arba'in, me za ta rasa in ta taƙaita asambulin ta ɗaga lokacin rufe ƙofar? Jarrabawa da darussa masu nauyi a ɗan matsar da su zuwa hantsi. Aikin gida a rage yawansa, don malamai biyar in kowa ya ba da nasa, daren yaro ne ke tafiya. Inda ake zubin safe da na rana saboda ƙarancin azuzuwa, a duba yiwuwar ƙanana su yi safe, manya su yi rana, tunda ƙanana sun fi jure sammako.

Makarantun kwana kuma, a ƙirga daga kashe fitila zuwa ƙararrawar Asuba. In bai kai awa takwas ba, a cike da ƙailula ta dole.

Mu ma malaman Islamiyya ban cire mu ba. Makarantar dare da ke kaiwa goma, yaro ya taka zuwa gida, ya ci tuwo, yaushe zai kwanta? A tashe su da wuri. Wanda ya yi gyangyaɗi a aji, kafin a ɗaga dorina a tambaye shi yaushe ya kwanta.

Na san iyaye ma'aikata za su ce su kan sauke yara ne a hanyar ofis, in an ɗaga lokaci wa zai kai su? Uzuri ne na gaske. Ana iya buɗe ƙofa da wuri ga mai buƙata, ba tare da an hukunta wanda ya zo takwas ba. A dai zauna a tattauna, a gwada na zango ɗaya a ga abin da zai haifar.

*Gargaɗi na ƙarshe*

Ba kowace damuwa ce barci ke warkarwa ba. In an gyara dare mako uku ko huɗu yaro bai sauya ba, ko ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ya daina abin da yake so a da, to a kai shi asibiti. In kuwa ya fara cewa ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, wannan ba a jira ko kwana ɗaya, kuma ba a yi masa tsawa a ce rashin imani ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne, ba abin kunya ba ne. A yi addu'a, a yi ruƙiyya ta shari'a, a kuma ga likita, ba sa karo da juna. Haka yaron da ke minshari mai ƙarfi yana shiɗewa cikin barci, shi ma likita ya duba shi.

Alhajin nan da na ba ku labari ya dawo bayan kusan wata guda, shi kaɗai. Ya ce yaron bai zama waliyyi ba, har yanzu sai an buga masa ƙofa sau biyu, amma faɗan ya ragu, kuma ya ci gaba da haddarsa. Ya ce abin da ya fi ba shi wuya shi ne ajiye tasa wayar. Muka yi dariya, ya sayi zuma kwalba ɗaya ya tafi.

'Ya'yan nan amana ce, kuma za a tambaye mu. Yau da dare, bayan Lisha, kowa ya leƙa ɗakin yaransa ya ga me ake ciki.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya sanya albarka a darensu da safiyarsu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini.

A tura wa sauran iyaye da malaman makaranta, Allah Ya ba da lada.